Ni da Kanar Issaka a Taron Madina

Tun da na dawo daga Madina ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Da na zauna sai wani ya jawo kujera ya ce, "Mushe Sabi'u, wai da gaske ka ga bom ɗin da idonka?" Wani ya ce shi ya ji har an ba ni na taɓa. Matata Balkisa kuwa ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa ni na hana yaƙin duniya. Kullum labarin ƙara tsawo yake a bakin mutane, shi ya sa na ce bari in faɗe shi daga farko yadda ya faru, kowa ya huta. Ban ga bom ba, ban taɓa ba, ko hotonsa ba a nuna mana ba.

Ni dai malamin Ingilishi ne a wata sakandare a Maraɗi, inda ake ce wa malamin boko Mushe. In hutu ya zo, wani lokaci akan kira ni Yamai in yi aikin tafinta a ƙananan tarurruka. Ran nan ina cikin duba takardun jarrabawa aka bugo mini waya. Wai akwai taron ƙasashe ƙawaye a Madina kan tsaron yanki da hana yaɗuwar makaman ƙare-dangi, ƙwararru za su shirya takardar da ministoci za su sa wa hannu daga baya. Tawagarmu ta riga ta tashi, tafintan da zai bi su kuma santsi ya kwashe shi a banɗaki ya karya ƙugu. Aka ce in bi ta Kano, jirgin can ya fi kusa da ni.

Balkisa ba ta tambayi mene ne ƙare-dangi ba. Abin da ta ji kawai shi ne Madina, inda ƙaninta Harisu yake aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kafin in nemo fasfo ta cika mini rabin jaka da cuku da kilishi.

Na shiga bas ɗin haya zuwa Katsina. A bakin iyaka wani jami'i ya leƙo ta taga yana tambayar kowa inda za shi. Mai hankali da ya ce Umra. Ni kuwa ga sabuwar shadda, ga takarda mai hatimi a aljihu, sai na gyara murya na ce, "Taron nukiliya za ni."

Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya juya ya ce, "Oga, zo ka ji."

Aka sauke ni, aka sauke jakata. Suka ci karo da cukun Balkisa, fari fat, an yanka shi murabba'i an naɗe a takarda.

"Wannan fa?"

"Cuku ne, ranka ya daɗe."

"Ci mu gani."

Na ci. Suka tsaya suna kallona ko zan fashe. Da ban fashe ba, ogan ya gutsura shi ma, ya ce bincike bai kammala ba, ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin a tabbatar cukun ba shi da haɗari ga yankin Afirka ta Yamma, rabinsa ya tafi. Da na koma mota fasinjoji duk sun haɗe rai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ɗan nan, in an sake tambayarka, don Allah ka ce biki za ka."

Daga Kano jirgi ya kai mu Jidda. A can na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni, domin alli ya cinye mini yatsu tun shekaru. Jami'in ya yi ta cewa in sake, ina dangwalawa tana yin ja, har ya fesa mini wani ruwa a hannu, ya kama yatsan da kansa ya danna kamar mai kashe kuɗin cizo. Daga nan na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Madina. Ba mai tallar ƙwai ta taga, ba wanda ya ɗora maka buhu a cinya, direba bai tsaya gaida surukansa a hanya ba. Shirun ya dame ni har na fara yi wa na kusa da ni hira, ya sa abin kunne ya juya.

Ina sauka ban nemi masauki ba, Masallacin Annabi na nufa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan ba zan iya ba ku labarinsa ba. Na shirya addu'o'i tun daga Maraɗi, da na tsaya a wurin duk suka gudu, sai hawaye. Na yi wa mahaifiyata addu'a, na yi wa kowa, har ku 'yan fada masu damuna.

Otal ɗin taron yana can gefen gari. Mai karɓar baƙi ya duba na'urarsa ya ce babu ni. Sunan mai karyayyen ƙugu ne a ciki, kuma ɗakin ba zai buɗu ba sai shi ya zo da ƙugunsa. Sai na kira Harisu.

"Yaya Sabi'u! Ahlan! Kana fen? Tsaya nan, yanzu na tashi daga dawam, zan zo da sayyara in kai ka shagga, mafi mushkila."

Ni da ake biya don na iya harsuna, sai ga shi ina buƙatar tafinta tsakanina da ƙanin matata. A hankali na gane dawam lokacin aiki ne, sayyara mota, shagga kuma ɗakunan hayarsu da ke unguwar Sultana, a saman shagon da yake aiki. Su uku ne a ciki: shi, da wani direba Bakano, da wani dattijo Baba Usman, Bahaushen Sudan wanda kakansa ya taso daga Sakkwato da ƙafa zai je Hajji, zuriyar ba ta ƙarasa ba sai a kansa. Da Harisu ya gaya musu abin da ya kawo ni, Bakanon ya ɗauki jakata da hannu biyu ya kai ta baranda ya rufe ƙofa. Sai da ƙamshin kilishi ya shigo ta taga aka yafe mata ta dawo ciki.

Da safe suka ba ni ful da tamis. Ful wake ne da aka dafa aka dama har ya manta shi wake ne, a kwarara masa mai, a dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi. Na raina shi da ido, na kuwa ci har na kasa sunkuyawa in sa takalmi.

A otal na sami shugaban tawagarmu, Kanar Issaka, tsohon soja mai ritaya, mutumin Tawa. Dogo ne, siriri, da jar dara a kai, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai ƙunƙuni irinsa ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne malamin lakkwal ɗin? To ji nan. Abin da nac ce da Faransanci shi za ka juya. Abin da nac ce da Hausa nawa ne, ba ruwan kowa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

A babban zaure akwai tafintoci cikin akwatin gilashi, kowa ya sa abin kunne. Aikina shi ne ƙaramin zama tsakaninmu da tawagar Najeriya, domin a nan maganar ta cije. Kowa ya yarda kada wata ƙasa ta ƙera makamin, wannan ko minti biyar bai ci ba, tunda ba mai niyya. Rigimar a kan ma'adinin yuraniyom ce, wanda ake haƙowa a ƙasarmu. In manyan motoci za su bi da shi kusa da iyakar maƙwabci, mu mun ce a rubuta "a sanar da maƙwabci", su sun ce a rubuta "a nemi shawarar maƙwabci". Kanar ya ce neman shawara neman izini ne da aka sa wa riga, kuma ba ya neman izinin kowa a kan ƙasar kakanninsa. Su kuma suka ce sanarwa ana iya yin ta bayan mota ta wuce. Kada ku ga kamar wasa ne. Kun san abin da 'yan bindiga suke yi a dazukan iyakar nan, kuma ba wanda yake son kaya irin wannan su faɗa hannunsu don sojan wannan gefe bai san da zuwan motar ba. In ba a daidaita ba, ministoci ba su da abin sa wa hannu, kowa ya koma gida da kunya.

Shugaban tawagar Najeriya shi ne Dakta Lamidi, Bayarabe, gajere mai ƙiba, kullum cikin murmushi, da hularsu irin wadda ake karyawa gefe guda. Ingilishi yake yi a hankali kamar mai lallashin yaro.

Kafin a fara aka kawo gahawa a wasu 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa, mai zubawa ya ƙara. Na shanye na miƙa, ya ƙara. A gida in ka miƙa kofi ka gama ke nan. A can ashe sai ka girgiza shi, in ba haka ba har tashin kiyama zuba maka za a yi. Ni ina jin kunyar in ƙi, shi yana jin kunyar ya daina. Da aka buɗe zama idona kamar na mujiya yake.

Dakta ya yi doguwar magana kan zumunci da maƙwabtaka. Na juya wa Kanar da Faransanci. Kanar ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce da Hausa, ba ma a hankali sosai ba, "Dubi hulatai don Allah. Kamar mota ta taka ta."

Dakta ya ɗago da murmushi ya tambaye ni da Ingilishi, "Me ɗan'uwana ya ce?"

Gahawa ta hau mini kai. Na ji bakina yana cewa, "Ya ce hularka ta burge shi ƙwarai."

Dakta ya dafa ƙirji ya ce ya gode, ya gode.

Washegari muna shiga zaure, ga wakilan ƙasashe duk an hallara za a ɗauki hoto, sai ga Dakta da ƙunshi a hannu. Ya yi ɗan jawabi cewa a al'adarsu in ɗan'uwa ya yaba abu, ya zama nasa. Ya buɗe, sabuwar hula ce irin tasa, mai ruwan goro da zaren zinariya. Ya yi ɗage, ya cire wa Kanar dararsa da hannunsa, ya ɗora masa wannan, ya karya ta gefe, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya ƙara karyawa. Aka yi tafi. Mai hoto ya yi ta walƙiya.

Kanar yana murmushin dole ya ce ta gefen baki, "Sabi'u, mi ya kawo wanga bala'i?"

Na ce, "Al'adarsu ce, ranka ya daɗe. In ka cire an ɓata."

Haka ya wuni da ita. Duk wanda ya gamu da shi a hanyar masallaci sai ya gaishe shi da Ingilishi, a zatonsa ɗan Najeriya ne.

Na yi zaton abin zai sa ya rage ƙunƙuni. Ina! A zama na gaba an ajiye farantin dabino a tsakiyar tebur, Dakta yana magana yana ɗauka, ƙwallaye suna taruwa a gabansa. Kanar ya ce, "Wanga ba taro ya kawo shi ba, kiwo ya zo. Ya cinye gonar mutane."

"Me ɗan'uwana ya ce?"

Na ce, "Ya ce ka san dabino. Yana sha'awar ganin gonar dabino."

Kafin la'asar Dakta ya yi magana da masu masauki, an shirya mana mota zuwa Badr ranar da ba zama, mu ziyarci shahidai mu kuma ga gonakin dabino. Da Kanar ya ji, ya ce gara a ɗaure shi da jaki da a haɗa shi mota ɗaya da wannan mutum. Aka tambaye ni, na ce yana roƙon a ba shi kujera kusa da Dakta. Aka ba shi.

Da yamma na gaya wa su Harisu halin da nake ciki. Bakanon ya yi dariya har ya ƙware. Baba Usman kuwa ya ce, "Ya waladi, kai tafinta ne ko mai gyaran aure?" Na ce ni ma ban sani ba kuma. Gaskiya tsoro ya fara kama ni. Takarda ba ta motsa ba, kwanaki suna tafiya, kuma duk ranar da Kanar ya gane daga ina kyaututtukan nan suke fitowa, ko allon makarantarmu ba zan sake gani ba.

Hanyar Badr doguwa ce, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Ni ina gaba kusa da direba, su biyu suna baya. Dakta ya yi ta nuna wa Kanar hotunan jikokinsa a waya, ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowa da abin da yake son ci, ni ina juyawa da wuya a karkace. Kanar yana cewa "Masha Allah" a fili, a ƙasa kuma yana cewa duk kunnuwansu irin na kakansu ne.

Muka fara da maƙabartar shahidai. Muka yi musu sallama, muka yi addu'a. Na lura su biyun duk sun share ido, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Daga nan aka kai mu wata gona. Mai gonar, wani Balarabe dattijo, ya shimfiɗa mana darduma a inuwa, aka kawo shayi da na'ana'a. Yana bayani cewa dabino sai wanda ya gada, ba kowa ke iya hawa ya yanko ba. Da aka juya wa Kanar wannan, sai jininsa na soja ya motsa. Ya ce su ma suna da dabino a Ingal, kuma yana saurayi ba bishiyar da ta gagare shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan in juya ko naka ne?" Ya ce in juya. Kafin in rufe baki ya tuɓe takalmi, ya nufi wani tsani da aka jingina a jikin wata bishiya.

Mutum ya haura sittin, da babbar riga. Ya hau kuwa, ba laifi, har ya kai inda ganye ya fara, ya saki tsanin ya taka kututture, ya miƙa hannu ga nonon dabino. A nan ƙaya ta kama rigar ta baya. Ya juya zai cire, ta kama hannun riga. Ya yunƙura, muka ji ƙyaaat, wando ya tafi tun daga ƙugu har gwiwa.

Mai gona ya ruga neman ma'aikacinsa. Kanar ya rungume bishiya, ƙafa ɗaya tana lalube a iska tana neman tsani.

"Sabi'u! Riƙe tsanin ga! Kuma ka tare Bayaraben nan, kada ya zagayo ta baya ya gani!"

Na taho da gudu, sai na tarar an riga ni. Dakta ne riƙe da tsanin da hannu biyu, ya ɗaga kai sama.

"Ai na riga na gani, Kanar. Sauko sannu, ina riƙe da shi."

Da Hausa ya faɗa. Ba ma Hausar kasuwa ba, irin ta Zamfara tsantsa, wadda ta fi kusa da ta Kanar fiye da tawa.

Ƙafar Kanar ta daina lalube. Na ji ƙarar injin ban-ruwa daga can ƙarshen gona.

Daga sama aka ce, da wata ƙaramar murya, "Mi kac ce?"

"Cewa nay yi ka sauko. Ƙauran Namoda aka haihe ni, ubana ma'aikacin reluwe ne. Sai da na shiga makaranta na san ni Bayarabe ne."

"Tun yaushe kake ji?"

"Tun hular da mota ta taka."

Na nemi inda zan zauna, na zauna a kan bakin kwatar ruwa, cikin laka, da shaddata.

Kanar ya ce ba ya saukowa. Ya ce a tafi a bar shi nan, in ya mutu a rufe shi kusa da shahidai. Dakta ya ce to shi ke nan, tunda ba a buƙatar tsani bari ya mayar wa mai gona kayansa. Ya ɗan janye shi daga jikin bishiya.

"Kai! Kai! Mi kake yi?"

"Ɗauke tsani zan yi. Ga shi kuwa na sanar da kai."

"Wace irin sanarwa ce wagga, ina bisa?"

"To da me kake so in yi?"

"Ka tambaye ni mana! Ka ji ta bakina tukuna!"

"Wato in nemi shawararka."

Sai muka ga bishiyar tana girgiza, na ɗauka Kanar faɗowa zai yi, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har dabino yana zubo wa Dakta a ka. Da ya samu numfashi ya ce, "Allah ya isa, Lamidi. Amma ka sani, ko na ce kada ka ɗauka, tsanin ba nawa ba ne. Ba ni da ikon hana ka."

Dakta ya mayar da tsanin ya ce, "Wa ya ce ka hana? Mu ba izini muke so a nema wurinmu ba. In za ka wuce ƙofar gidana da kaya masu haɗari, ka yi sallama, ka tsaya in amsa, in gaya maka ko akwai rami a gaba. Shi ke nan."

"Sallama?"

"Sallama."

"To don mi ba ka ce haka ba tun farko?"

"Da wane bakin? Kai kana Faransanci, ni ina Ingilishi, wannan bawan Allah yana tsakiya yana ɗinka mana ƙarya."

Duk suka juyo suka dube ni, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa.

Kanar ya sauko, aka ara masa zane irin na ma'aikatan gona ya ɗaura. Ya tako har inda nake zaune cikin laka.

"Ashe kai ka sa mini hular nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce abin da ka faɗa da Hausa naka ne. Ni kuma an tambaye ni, dole in ba da wani abu."

Dakta ya ce, "Ƙyale shi. Ni tun ranar farko na so in amsa maka, sai na ga yaron nan yana da basira, na ce bari in ga iyakarta. Da ka ƙara kwana biyu kana zagina, da ya aurar maka da ƙanwata."

A hanyar dawowa ba wanda ya neme ni. Suna baya suna ta zuba, daga maganar motoci da sojojin rakiya, da wa zai kira wa kafin kaya su tashi, har suka gangaro kan wane gari ya fi iya kilishi, inda suka kusa sake ɓatawa. Kafin mu ga fitilun Madina sun gama abin da ya gagare su a tebur.

Wahalar a kaina ta dawo. Aka ce in sa "sallama" a takarda. Tafintan Larabci ya ce shi ba shi da matsala. Ni kuwa na wuni ina fama, domin Faransanci ba shi da kalmar da ke nufin ka sanar, ka tsaya a amsa, amma ba roƙo ka zo ba. Abin da Hausa ta faɗa da kalma ɗaya sai da ya ci layi uku, Ingilishi ya ci biyu da rabi. Aka karanta a babban zaure, aka amince, wakilin wata ƙasa ya tashi ya yaba wa "hikimar diflomasiyya" ta shugabannin biyu. Kanar ya karɓi yabon da wandon aro a ƙarƙashin riga.

Ranar komawa na yi sallama da su Harisu, suka haɗa ni da dabino da turare da saƙon baki na mutum goma sha. Masu masauki suka turo wani jami'insu ya kai ni da Kanar filin jirgi, wani matashi baƙi kyakkyawa, da farar jallabiya da ɗankwalinsu ja, sunansa Faisal. Larabci ya gaishe mu da shi, ya kama tuƙi bai ƙara cewa komai ba.

Kanar ya miƙe ƙafa a baya, ya duba hagu da dama, ya ga ba Dakta. Ya yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ƙasa mai albarka, Sabi'u, amma ba su iya abinci ba. Shinkafa da rago, rago da shinkafa. Duk arzikin ga, a rasa mai tuƙa tuwo guda? Hanjina ya bushe. Su ko 'yan samarin nan nasu, dubi wanga, ko tabarya bai taɓa gani ba."

Faisal bai juyo ba. Ya ɗauki waya ya yi 'yar magana da Larabci, ya ajiye. Can sai na ga mun bar babban titi mun shiga unguwa. Na ga allo an rubuta Aƙiƙ. Ya tsaya a ƙofar wani gida, ya kashe mota, ya buɗe wa Kanar ƙofa, ya yi magana cikin ladabi da Larabci yana nuna ciki.

Kanar ya ce, "Mi yac ce?"

Ban kai ga amsawa ba, wata tsohuwa ta leƙo daga ƙofa, da muciya a hannu.

"Ina mai cewa ba mu iya tuwo ba? Shigo, ɗan nan, yalla. Kakata daga Zandar ta zo, da tabaryarta a ka. Ɗana Faisal yana ji sarai, amsawa ce ba ya yi."

Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya a ƙasa, a kan leda. Hajiya tana tsaye a kan Kanar, in ya rage hannu ta ce ai hanjinsa ya bushe, ta ƙara masa. Ya ci malmala uku yana ba da haƙuri tsakanin loma da loma. Da ƙyar muka sami jirgi.

Tun daga gidan nan Kanar bai ce uffan ba. Muka zauna, jirgi ya tashi, aka kawo abinci. Ya buɗe, shinkafa ce da rago. Na ga leɓensa ya motsa, ya karkato wajena. Sai ya ɗaga ido ya dubi ma'aikaciyar jirgin, wata fara sol mai ƙananan idanu, da gani daga can ƙarshen Asiya ta fito. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗauki cokali, ya rufe bakinsa da tafin hannu, ya raɗa mini a kunne:

"Wagga ma ban yarda da ita ba."